Mu masu aikin kwamfuta, ƙungiyar ƙwadago za ta amfane mu kuwa?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum. Mu goma sha biyu ne a wani ƙaramin kamfanin haɗa manhaja da jan wayar intanet a Sabon Gari. Albashi na makara, babu fansho. Wasu sun ce mu kafa ƙungiya. Masana, tana da amfani ko ɓata lokaci ne?

Malam na Kongo: Wa alaikumus salam. Amfani kam akwai. Mafi ƙarancin albashi bai tashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a 2024 ba sai da manyan ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa, NLC da TUC, suka matsa wa gwamnati. Amma ku goma sha biyu ba za ku iya yi wa sabuwar ƙungiya rajista ba, doka na buƙatar ma'aikata aƙalla 50, kuma mai rajistar da ke Ma'aikatar Ƙwadago zai ƙi idan akwai wata da ta riga ta wakilci irin aikinku. Shiga wadda ke akwai ya fi sauƙi, kamar PTECSSAN ta manyan ma'aikatan kamfanonin sadarwa masu zaman kansu, in aikinku ya dace da ita. Ka kuma sani dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba.

Hajiyar Tudun Wada: Ƙanena, kafin maganar ƙungiya, ɗauko takardar da aka ɗauke ka aiki da ita. Me aka rubuta, ma'aikaci ko ɗan kwangila? A nan masu aikin fasaha ke faɗuwa. Idan an ce kwangila ce, ranar rigima kamfani zai ce shi bai kore ka ba, aiki ne ya ƙare. Wanda bai da takarda ya nema a rubuce. Ku adana saƙon banki na kowane wata, da imel ɗin da ke nuna su ke yanka muku lokacin zuwa da tashi, kuma kayan aikinsu kuke amfani da su. Da irin wannan hujja Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ke gane cewa mutum ma'aikaci ne, ko da takarda ta kira shi da wani suna. Fansho kuwa, dokar 2014 ta ce kamfani ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci kashi 8, sai dai tilascin ya fi bayyana ga mai ma'aikata 15 zuwa sama.

Injiniya Kwangila: Kada a manta yajin aiki na da tsada. Mutanen ABU sun gani a 2022, wata takwas ASUU na yaji, gwamnati ta riƙe albashi da dokar ba aiki ba biya. Ƙaramin kamfani kuwa yana iya miƙa aikin manhaja ga wani a Legas cikin mako guda. Ko a Amurka, ƙungiyar ma'aikatan Google da aka kafa a 2021 ta fara ne ba tare da ikon zaman yarjejeniyar albashi da kamfanin ba. Ku fara da wasiƙa ɗaya mai sa hannun kowa, da buƙatu biyu kacal: ranar biyan albashi da takardar aiki.