Sun ga na karanta saƙo ban amsa ba, shin na yi laifi ne?

Maman Biyu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma aikin dare yakan zagayo kaina. In na sauka da safe, jikina ba ya son komai sai kwanciya. Wayata a gefen filo take kwana domin ita ke tashe ni. To duk sanda na farka in duba lokaci, sai in tarar saƙonni sun taru a WhatsApp: shugabar sashenmu tana tambayar abin da na riga na rubuta a takardar miƙa aiki, zauren dangi, zauren iyayen yara 'yan ajin ɗana, ga kuma ƙanwata. Da ido ɗaya nake buɗewa in karanta, barci ya sake kwashe ni. A can wajensu kuwa alamomin nan biyu sun riga sun koma shuɗi.

Kwanan baya ƙanwata ta rubuto mini: "Yaya, kin gani kin yi shiru. Ba komai." Na san ta, in ta ce ba komai to akwai komai. Ban yi mata shiru don raini ba, barci nake yi bayan na kwana a tsaye a kan marasa lafiya. Amma yanzu ko na kwanta zuciyata ba ta kwanta, ina ta lissafin waɗanda ke jiran amsata.

Tambayata ita ce, yaushe riƙe waya ya zama alkawarin cewa za a same ka a kowane lokaci? Kuma akwai yadda mutum zai kare barcinsa ba tare da ya ɓata da mutanensa ba?

Mai Gyaran Waya

Wa alaikumus salam Aunty, sannu da ƙoƙari. Abin da ke damunki ba daga sama ya faɗo ba, wasu ne suka zauna suka tsara shi. An kafa WhatsApp a 2009, kuma shekara biyar ana amfani da shi babu shuɗiyar alamar nan. A watan Nuwamban 2014 aka shigo da ita, a shekarar da Facebook ya sayi kamfanin a kan kusan dala biliyan 19. Mutane sun yi ta ƙorafi a lokacin, har ba a daɗe ba aka ƙara wurin kashe ta. Alama ɗaya mai ruwan toka tana nufin saƙo ya bar wayar mai aikowa, biyu na nufin ya shiga taki, shuɗi na nufin kin buɗe. Iyakar abin da na'ura ta sani ke nan. Ba ta san ko idonki biyu ba, ba ta san ko hannunki na cikin safar aiki ba. Mai aikowa ne ke cike sauran da zato.

Ki shiga saitin manhajar, ɓangaren sirri, ki kashe shaidar karantawa. A nan kuma za ki ɓoye lokacin da aka gan ki na ƙarshe, kuma tun 2022 ana iya ɓoye har alamar cewa kina kai a yanzu. Amma ki san abu biyu. In kin kashe taki, ke ma ba za ki ƙara ganin ta wasu ba. Sannan ba ta aiki a zaure, can duk wanda ya turo saƙo zai iya duba waɗanda suka karanta. Su zaurukan sai dai ki rufe musu baki kawai, akwai zaɓin shiru na dindindin.

Tsohon Malami

'Yata, na ji kukanki, amma ba na son ki gaggauta kashe abin nan kafin ki ji ta ɗaya ɓangaren. Ɗana direban babbar mota ne, yakan kwana a hanya. In na tura masa saƙo da dare, ba amsa nake jira ba, na san hannunsa na kan sitiyari. Ina zaune ne ina kallon alamomin nan. Da zarar sun koma shuɗi, na san ya tsaya wani wuri, yana da rai, ya iya ɗaga waya. Sai in kashe fitila in kwanta. Mahaifiyarsa ba ta iya karatu ba, amma ta gane launin nan sarai, kuma tun da aka kawo saƙon murya ba ta ƙara neman wanda zai rubuta mata saƙo ba. Ni na yi zamanin da za ka aika wasiƙa ka yi makonni ba ka san ko ta isa ba. Ba na kewar wannan zaman.

Wataƙila ƙanwarki ma ba amsa take nema ba, so take ta ji tana da wuri a ranki. Ki kira ta ranar da kike hutu, ki faɗa mata da bakinki irin kwanan da kike yi. Da yawanmu ba mu san abin da aikin dare yake yi wa jiki ba sai an gaya mana.

Akanta

Ni abin da ya tsaya mini a labarinki, 'yar'uwa, shugabar sashenku ce, kuma na ga kowa ya tsallake ta. Ƙanwa daban, wajen aiki daban. A da in ma'aikaci ya fita daga ƙofa, aiki ya ƙare sai gobe. Yanzu ofis yana bin mu har kan gado, kuma ba mai biyan wannan lokacin. Ba ke kaɗai ba ce, shi ya sa ƙasashe suka fara yin doka a kai. A Faransa, tun watan Janairun 2017, doka ta tilasta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su zauna da ma'aikatansu su tsara lokutan da ba a sa ran kowa ya amsa saƙon aiki. Portugal a 2021 ta hana shugabanni tuntuɓar ma'aikata a lokacin hutunsu sai in lalura ce ta gaske. Ostareliya ma a watan Agustan 2024 ta ba ma'aikaci 'yancin ƙin amsa kira ko saƙo bayan tashi, matuƙar ƙin nasa bai saɓa wa hankali ba.

Kuma kada a ce ai saƙo ɗaya ne, daƙiƙa nawa zai ci. Farfesa Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta yi shekaru tana auna yadda ma'aikata ke aiki a gaban na'ura. Ta gano cewa a 2004 mutum kan yi kusan minti biyu da rabi a kan abu ɗaya kafin ya juya zuwa wani, a 'yan shekarun nan kuwa ya dawo kusan daƙiƙa 47. Wannan fa mai ido biyu ke nan. Ina ga wadda ake katse wa barci, alhali da daddare ita ce za ta auna wa mutane magani? Ni a ganina wannan ya wuce maganar jin daɗinki, ya shafi lafiyar waɗanda kike jinya. Ku haɗa kai ke da abokan aikinki ku nemi a yi ƙa'ida: abin gaggawa a kira, wanda ba na gaggawa ba ya jira.

Maman Biyu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganarka ta taɓa ni, domin ni ma haka nake yi wa maigidana in ya yi tafiya, ina kallon alamar nan har sai ta sauya. Saboda haka ba zan kashe ta ba. Abin da zan daina shi ne buɗe saƙo ina cikin magagi, tunda ba buɗewar ce ke amfanar kowa ba. Ƙanwata kuma zan kira ta kamar yadda ka ce.

Batun shugabarmu ya fi nauyi. Ba muguwa ba ce, ita ma na sha ganin saƙonta ƙarfe 2 na dare tana amsa wa na sama da ita. Dukanmu igiya ɗaya ce ta ɗaure mu. Zan fara da abokan aikina biyu da na san abin yana damunsu, mu kai maganar taron sashe.

Saura abu ɗaya, ƙanina mai gyaran waya. Tsorona in na sa wayar shiru gaba ɗaya, kada makarantar yara ta kira ko wani abu ya sami mahaifiyata ina barci ban ji ba. Wannan tsoron ne ma ya sa ban taɓa kashe ta ba.

Mai Gyaran Waya

Akwai maganin wannan, Aunty. Android da iPhone duka suna da tsarin "kada a dame ni", galibi hoton jinjirin wata ne alamarsa ko da'ira mai layi a tsakiya. In kin kunna shi komai zai yi shiru, amma za ki iya zaɓar mutanen da kiransu zai shigo da ƙara. Ki sa lambar Mama, ta makaranta, ta maigida da ta sashenku. Akwai kuma zaɓin mai sake kira: a iPhone in lamba ɗaya ta sake kira cikin minti 3 zai shigo, a Android cikin minti 15, ko da ba ta cikin waɗanda kika zaɓa. Ƙararrawar da ke tashinki za ta buga yadda ta saba. Ki gaya wa mutanen nan su yi kiran waya na layi in da gaggawa, domin kiran WhatsApp ba a kowace waya yake tsallake shirun ba. Kafin ki dogara da shi, ki kunna ki sa maigida ya kira ki ku gwada. In kin faɗa mini irin wayarki zan rubuto miki inda za ki taɓa ɗaya bayan ɗaya.