Tankin kifi a tsakar gida ga yara ƙanana, yaya kuka yi da naku?

Baban Walida, Kura

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni manomin rani ne a wani ƙauye kusa da Kura. Bara na gina tankin siminti a bayan ɗakin uwargida ina kiwon tarwaɗa, tsayinsa iya ƙuguna. Ranar Talata bayan la'asar na dawo daga gona na tarar da Walida, shekararta 2 da wata 4, ta jawo kujera 'yar tsuguno ta hau, rabin jikinta a cikin tanki, wai kifi za ta kamo. Uwarta na tankaɗe, tsakaninsu bai fi taku goma ba, ba ta ji komai ba. Wallahi har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Ga kifin ya kusa isa sayarwa, kuɗin takina ke ciki. In rufe da langa-langa ne ko in kewaye?

Maman Sadiƙ, Ringim

Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara tsarewa. Malam, don Allah kada ka ga laifin uwarta. Aikin asibiti nake yi, kuma abin da mutane ba su sani ba shi ne yaro ba ya ihu in ya faɗa ruwa, shiru kake ji. Kan ƙaramin yaro yana rinjayarsa, in ya kifa ba ya iya ɗagowa, ko ruwan baho ko na bokiti ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 300,000 ruwa ya ci a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

In tsautsayi ya faɗa, Allah Ya kiyaye, a daina riƙe ƙafar yaro ana zazzage shi ko danna masa ciki, ɓata lokaci ne. In ba ya numfashi a kwantar da shi a ƙasa, a hura masa iska a baki sau 5, sai danna ƙirji 30 hurawa 2, a yi ta yi. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti.

Magini daga Bunkure

Langa-langa kam a'a. Tsatsa zai ci shi, iskar hadari ta yaye shi, yaro ya hau ya lotsa, kifin ma yana son iska. Ka sa mai walda ya yi maka ragar rodi da kwaɗo. In rijiyarka ba ta da murfi, ka haɗa aikin gaba ɗaya.

Ƙanin Malam

Yaya, ni a Ostareliya na yi karatu. Can masu wurin ninkaya a gida doka ta tilasta musu shinge mai tsayin mita 1.2, tsakanin sanduna kada ya wuce santimita 10, ƙofa kuma ta rufe kanta da kanta, sakata a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. A jihar da na zauna ba ka ba da irin wannan gida haya sai mai duba ya zo ya ba ka takarda, kamar duba-garin da iyayenmu ke ba mu labari. Kuma yana duba duk abin da yaro zai taka kusa da shinge, tukunyar fulawa ko kujera. Walidarka ma ai kujera ce ta kai ta. Ragar magini ta yi, amma ranar da ka buɗe don canja ruwa aka kira ka waje fa?

Baban Walida, Kura

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Mai walda ya zo ya auna yau, ragar da shinge mai ƙofa duka zan yi, ko da zan sayar da buhun shinkafa ɗaya. Kujeru da turmi na mayar da su ɗakin girki. Hajiya Maman Sadiƙ, uwargida ta ce a tambaye ki, danna ƙirjin nan ga yarinya kamar Walida da hannu ɗaya ake yi ko biyu? Akwai kuma kududdufin bayan gari inda aka haƙi ƙasar gini, in Agusta ta yi yakan cika har bakin hanyar makarantar allo. Juma'a zan yi wa mai unguwa maganarsa.