Zan kai jikoki gidan kimiyya: in tafi da autar ko in bar ta?

Kakar Uku: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na yi wa jikokina alkawarin kai su gidan baje kolin kimiyya a hutun nan. Babban shekararsa 12, mai bi masa 8, autar kuwa 4. Daga ni sai Malam za mu je, shi kuma gwiwa ta sa shi a gaba, ga na'urar daidaita bugun zuciya da aka sa masa. In tafi da autar ko in bar ta wajen uwarta? Sannan ɗakin kallon taurari da tikitinsa daban ne, ya cancanci a biya?

Abban Tagwaye: Wa alaikumus salam Hajiya. Ku tafi kawai! Amma kada ku fito ba ku taɓa ƙwallon ƙarfen nan na Van de Graaff ba. Kana ɗora hannu gashin kanka zai miƙe tsaye. Ku sa Malam ya fara, yaran za su sha dariya.

Ma'aikaciyar Jinya: Subhanallah! Ka karanta tambayar kuwa? Mutumin da na'ura a ƙirjinsa. Ƙwallon nan cajin lantarki yake tarawa, shi ya sa ake gargaɗin masu irin wannan na'ura su nisance shi. Hajiya, Malam ya kalla daga nesa, kuma ku ji ta bakin likitansa kafin ranar.

Mai Sanƙo: Ni dai na ɗora hannu har na gaji, ba abin da ya miƙe.

Ɗan Ci-rani: Ai shiga kyauta ce. Na Landan da muka je ko sisi ba mu biya ba, tikiti kawai muka cire ta intanet. A nan muka ga ainihin kumbon Apollo 10 da ya zagayo wata a 1969.

Maman Biyu: Kyauta a ina? Inda muka je har ta goye sai da suka tambayi shekarunta.

Abban Tagwaye: Mu kuwa ƙananan kyauta suka shiga, tsofaffi aka yi musu rangwame.

Maman Biyu: Ko a Landan ɗin ka tambayi sashen da yara ke wasa da na'urori, ka ji in kyauta ne.

Inna Mai Haƙuri: Hajiya, ki ji ta bakin wadda ta ɗanɗana. Na kai nawa ranar hutu, wurin cike maƙil. Babban ya ja ni in ga wani inji, na saki hannun ƙaramin don in gyara jakata, ina juyowa babu shi babu alamarsa. Na hau sama, na sauko, ina kiran sunansa, amma hayaniya ta shanye muryata. Da ƙyar na sami ma'aikaci, shi ma ya tura ni wani teburi can bakin ƙofa. Sai da aka yi sanarwa a lasifika aka tsinto shi a wajen wasan ruwa, ya jiƙe sharkaf, ko a jikinsa. Wannan duk mai sauƙi ne. Muna isa gida 'yar'uwarsa ta fesa labari. Surukata ba ta ce mini uffan ba, amma tun daga ranar ko bakin titi ba a bari na fita da su. Ɗana kuma, wanda na goya, ya yi gum.

Maman Biyu: Allah sarki Inna. Allah ya huci zuciyarki.

Tsohon Malamin Kimiyya: A koma kan tambaya. Ɗakin taurarin ya cancanta ga manyan biyu. Tun 1925 da aka buɗe na farko ga jama'a a Munich ake haska sararin sama a jikin rufi mai siffar ƙubba, kuma yaron da fitilun gari suka hana shi ganin taurari ba zai manta ba. Ga kujera, gwiwar Malam ta huta. Sai dai ana kashe fitila ɗif, 'yar shekara 4 tana iya fasa kuka. In akwai lilon Foucault ku tsaya a kai: ƙarfe ne mai nauyi a doguwar waya, da shi aka nuna wa mutanen Paris a 1851 cewa duniya tana juyawa. Ku duba inda yake nufa da shigarku, ku sake dubawa da fitarku.

Inna Mai Haƙuri: Malam, ɗalibai ka saba kaiwa a layi, da wasu malamai a gaba da baya. Ka taɓa riƙe jika ɗan shekara 4 kai kaɗai?

Tsohon Malamin Kimiyya: Inna, aji guda nake fita da shi in dawo da shi cif. Kati mai lambar waya a aljihun kowane yaro, sannan a nuna musu wurin haɗuwa tun daga ƙofa.

Inna Mai Haƙuri: To ni sakarai ce ke nan.

Mai Sanƙo: A sa wa kakannin ma katin, nawa ni suka ɓatar.

Kakar Uku: Na gode duka. Amma har yanzu autar fa? Kuma wa ya san ko suna ba da aron keken guragu?

Maman Biyu: Da yawa suna bayarwa, ki kira su tukuna. Amma Inna, gaskiya in nawa ne ya ɓace ni ma sai na yi sanyi.

Inna Mai Haƙuri: Ai shi ke nan. Ranar da kuke da biki ko aiki, kaka ta iya raino. A ajiye mana su da takardar dokoki: kada a ba su kaza, kada su taɓa waya, barci ƙarfe kaza. Mu da muka raini iyayensu!

Abban Tagwaye: Dokar waya kam da dalili, Inna. Mahaifiyata ce ta koya wa tagwayena kallon bidiyo har tsakar dare.

Inna Mai Haƙuri: Kai kana ina lokacin?