Na kai shi ɗakina ko na bi dokar masaukin?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka daɗe a Ingila.

Ina karatu a Manchesta, kuma tun watan Nuwamba nake aikin sa kai a wani masaukin dare na marasa muhalli. Coci-coci ne suka haɗa kai, yau a zauren wannan, gobe a na waccan, har sanyi ya wuce a watan Maris. Daren Laraba ne nawa. Ƙarfe 6 mu jera gadajen naɗewa guda 12, a ɗora miya, 7 a buɗe ƙofa, 11 a kashe fitila. Mutum biyu ne ke gadi, muna karɓa-karɓa. Da safe shayi da burodi, ƙarfe 8 kowa ya fita, ko ruwa ake ko ƙanƙara.

Mako uku da suka wuce ina waya da Innata a bakin ƙofa, sai wani dattijo ya tsaya kamar an dasa shi. Da na gama ya ce, "Yaro, kai ɗan ina ne?" Ashe ɗan Mai Wurno ne ta ƙasar Sudan, kakanninsa daga ƙasar Sakkwato suka taso a ƙafa da niyyar Hajji, suka yada zango a bakin Kogin Nilu ba su sake dawowa ba. Hausarsa da ɗan Larabci a ciki, amma tsaf. An ba shi takardar zama a matsayin ɗan gudun hijira, sai wa'adinsa a gidan da gwamnati ta ajiye shi ya cika, ya tsinci kansa a titi.

Safa ƙafa biyu gare shi. Kullum sai ya wanke ɗaya a bayan gida ya shanya kan ƙarfen ɗumama ɗaki, ya yi sallarsa a lungu, ƙarƙashin zanen yaran cocin.

Ranar Alhamis da safe, muna naɗe gado, ya ce a hankali, "Ɗana, ba ka da ko zaure?" Ni kuma na sa hannu a takarda cewa ba zan ba baƙo lambar waya ba, ba kuɗi, ba kai shi gida. Na faɗa masa. Ya ce ba komai, Allah ya yi mini albarka. Wallahi gara a ce zagina ya yi. Ɗaki ɗaya gare ni a gidan da muke haya mu huɗu, amma akwai wurin shimfiɗa katifa. Me zan yi?

Malamin Gwale:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, wannan har sai an tambaya? Baƙonka annabinka. Mu nan Kano ko a tsakiyar hunturu baƙo ya sauka, ba ya rasa zauren mai unguwa ko barandar masallaci. Dattijo, Musulmi, mai jin yarenka, ka bar shi saboda wata takardar Bature? Ka ɗauke shi, Allah zai rufa asiri.

Antin Bradford:
Malam, a yi haƙuri, ba zaure ba ne matsalar.

Ƙanina, na shekara ina aikin jinya a nan, na kuma kwana a irin wannan masauki ya fi a ƙirga. Ranar da ka ɗauke shi, gadonsa wani za a ba, don akwai masu jira. In abokan hayarka suka yi ƙorafi, ko mai gida ya gane akwai mutum na biyar, cikin mako biyu Baba ya koma titi, ba gado, kai ma kana neman wuri. A watan Janairu fa.

Tunda yana da takarda, yana da haƙƙi. Dokar rage rashin muhalli ta 2017 ta ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin taimaka wa marar muhalli ya nemi wuri tsawon kwana 56. Gaskiya namiji shi kaɗai, mai lafiya, ba ya cikin waɗanda dole a ba su ɗaki nan take, shi ya sa shekarunsa da duk wani ciwo da yake fama da shi suke da muhimmanci a rubuta. To wa zai faɗa? Dattijan nan ko ƙafa na ruɓewa, ka tambaye su, "lafiya lau, alhamdulillahi." Kuma na tabbata tafintan Larabci ake kira masa, alhali abin da ke ransa da Hausa yake fita. Nan ne amfaninka. Je ka wurin shugabar masaukin, ka gaya mata komai, har roƙon da ya yi maka. Ka tambaye ta batun ƙungiyar Refugees at Home, su ne ke haɗa ɗan gudun hijira da masu ɗakin da ba kowa, bayan sun bincika gidan. A garinku kuma akwai shirin A Bed Every Night na samar wa masu kwana a titi gado, wanda Andy Burnham ya fara a 2018 yana magajin garin yankin Manchesta.

Da rana kada ya yi ta yawo a jiƙe. Akwai Booth Centre, cibiyar yini ta marasa muhalli, akwai babban ɗakin karatu na St Peter's Square, da ɗumi, ba mai korarsa.

Ka duba ƙafarsa. In ta yi fari ta yamutse, kada a murza, kada a kara ta da zafi, a busar a nuna wa likita. In ka ga wani ya shigo yana magana kamar mai maye alhali bai sha komai ba, ya ma daina karkarwa, sanyi ne ya ci ƙarfinsa, a lulluɓe shi a kira lambar gaggawa 999.

Na Taɓa Kwana A Can:
Ni wata biyu na yi a irin gadon nan a Landan kafin Allah ya buɗa. Abin da ba ku lissafa ba shi ne sauran mutum 11. Idonsu na kanka. Lokacinmu akwai wani ma'aikaci da ke ware ɗan ƙasarsu, ya ƙara masa nama, su yi ta hira da yarensu muna ji. Daren da aka yi faɗa, a kan bargo ɗaya aka yi shi, amma kowa ya san ba bargon ba ne. In za ka kawo safa, ka kawo 12, ka miƙa wa shugabar ta raba.

Kuma kada ka ce masa "in sha Allahu zan duba" don kunya. Mai kwana a titi yana ƙirga irin wannan maganar da kwanaki.

Malamin Gwale:
To, na ji. Amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Ɗan Tudun Wada:
Tawa ma haka, Malam. Anti, na gode, na yi wa shugabar magana jiya. Ba ta yi faɗa ba, cewa ta yi da ma sun rasa gane dalilin da yake amsa komai da "to". Ta amince in zauna a ganawarsa da jami'ar gidaje ranar Talata, a ofis, tana wurin. Na sayi safa, kuma na lura takalminsa na hagu ya buɗe baki ta gaba. Lamba 43 yake sawa, in akwai wanda ke kusa da unguwar Cheetham Hill mai takalmin sanyi da ba ya amfani da shi.