Shafa wa tsohon soro siminti: gyara ne ko rage masa kwana?

Injiniya Bakabe: Assalamu alaikum. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin hanyoyi da kwalbatoci da gadoji, kuma da siminti da rodi na ciyar da iyalina, saboda haka babu wanda zai ce ƙiyayya ce ta sa ni wannan magana. Tun da na ajiye aiki na dawo Argungu nake bin tsofaffin soraye da zaurukan garin nan ina aunawa, ina zana su a takarda, ina ba masu su shawara kyauta. Abin da idona ya gani shi ne, duk ginin ƙasar da aka shafe da siminti da sunan gyara, an rage masa kwana ne. Bangon ƙasa yana shan laima daga gindinsa da damina, sannan ya fitar da ita ta jikinsa idan rana ta buɗe, to siminti shi ne yake toshe wannan mafita. Bayan haka, zafi da sanyi ba sa motsa ƙasa da siminti daidai wa daida, don haka dole filastar ta tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita. Daga waje za ka ga bango sumul, amma idan ka ƙwanƙwasa sai ka ji yana amsawa kamar ƙwarya, domin cikinsa ya riga ya ruɓe.

Ɗan Kwangila: Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, a gabanka muka koyi riƙe ma'auni, amma a nan ban bi ka ba. Ka tuna ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan. Gidajen da suka fara kwantawa na ƙasa ne, kuma babu daminar da za ta wuce ba mu ji bango ya faɗa wa mutane suna barci ba. Magidancin da ya sayi buhu biyar na siminti ya shafe gidan ubansa, tsoron Agusta ne ya sa shi. Sannan ina so a duba Surame, tsohon birnin Kanta, sarkin da ya kafa daular Kabi. Kanta da duwatsu ya ɗaure ganuwarsa, wato ya nemi abin da ya fi ƙarfi a zamaninsa, kuma shi ya sa har yau ake ganin sauranta bayan shekara kusan ɗari biyar. Da siminti ya riske shi, ina da yaƙinin da ya yi aiki da shi.

'Yar Gwandu: Alhaji, hujjarka ta Surame tana da kyau, sai dai ba ta taɓa maganar Injiniya ba. Bai hana kowa gina sabon gida da bulo ba. Cewa ya yi kada a lulluɓe tsohon ginin ƙasa da abin da ba jinsinsa ba. Ni malamar tarihi ce, kuma nakan kai ɗalibai Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda ake jingina gininsa ga Yakubu Nabame, ya kasance fadar Sarkin Kabi har zuwa 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958. Yara sukan kalli makamai da tambura da kayan kamun kifi, su wuce, amma kaurin bango da sanyin da ke cikin ɗakunan a tsakiyar bazara su ne suke tsayar da su har su fara tambaya. A Zariya, masallacin Juma'ar da Babban Gwani ya gina yana nan da bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan ƙasa da ke ɗauke da rufinsa, amma ginin zamani ya kewaye shi, mai wucewa ta waje ba zai san abin da ke ciki ba. A Jenne ta ƙasar Mali kuwa, masallacin da aka sake ginawa a 1907 yana tsaye da ƙasarsa, saboda duk shekara mutanen gari suna fitowa ƙwansu da kwarkwatarsu su yaɓe shi.

Ɗan Kwangila: Malama, kin kawo ni inda nake so. A Jenne gari guda ne ke fitowa saboda masallaci guda. Wane ne zai fito saboda zauren wani tsoho a unguwarmu, alhali 'ya'yansa suna Abuja da Legas?

Baba Magini: Jikana ne yake rubuta mini abin da nake faɗa. Na gaji gini daga mahaifina, kuma ina shaida wa Alhaji cewa gidajen da yake gani suna faɗuwa, yawancinsu ba irin ginin da Injiniya yake nufi ba ne. Gini ne na gaggawa, an kwaɓa ƙasa yau an ɗora gobe, bango siriri, ba a tona harsashi ba. Mu a da, sai an zaɓi ƙasa, a tattake ta da ciyawa, a bar ta ta kwana ta ƙara kwana ana ba ta ruwa, a mulmula tubali ya bushe sarai a rana, sannan a fara da gindi mai kauri ana ragewa yayin da ake hawa. Azara ta namijin giginya muke nema saboda gara ba ta cinta da sauƙi. Idan an gama, a jiƙa makuba ta ɓawon ɗorawa a bi bango da rufi da ita. Abin da ke kashe soro guda biyu ne: indararo ya toshe ko ya karye ruwa ya kwanta a kai, ko kuma ruwa ya samu wurin zama a gindin bango. Duk wanda ya duba waɗannan kafin ruwan farko, jikansa zai kwana a ɗakin. Inda na yarda da Alhaji shi ne, giginya ta yi wuya, ɗorawar ma ana sarewa, kuma cikin yaran da na koya wa aiki babu wanda bai koma bulo ba, domin can kuɗin yake.

Magajin Gida: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ina cikin waɗanda ake magana a kansu, don haka bari in faɗi nawa. Gidan kakanmu yana da zaure mai ɗaurin guga, wato rufin da bakan gizo ke ɗauke da shi, kuma mu goma sha huɗu ne muka gaje shi. Wasu suna son a sayar a raba, wasu suna son a rushe gaban a yi shaguna, ni kaɗai nake kashe kuɗin yaɓe, kuma ba ni da ikon hana kowa haƙƙinsa na gado. Shekara uku da suka wuce na gaji na sa aka yi wa bangon gabas filasta. Bana wani ɓangarenta ya ɓamɓaro ya taho da ƙasar bangon mai yawa, kamar yadda Injiniya ya kwatanta. Duk da haka ba zan ce na yi wauta ba, domin a lokacin babu wanda ya nuna mini wata hanya da aljihuna zai iya ɗauka. Zanen da kake yi a takarda, ranka ya daɗe, yana da amfani, amma ba ya tare ruwa.

Injiniya Bakabe: Ɗana, maganarka ta yi mini nauyi, kuma gaskiya ce. Ina zane ne don idan gini ya faɗi a san yadda yake, amma na fi son kada ya faɗi. Akwai kuma laifin da ya kamata mu injiniyoyi mu ɗauka. Na taɓa kula da aikin wata hanya da ta ratsa tsohuwar unguwa, muka yi ciko muka ɗaga kwalta har ta fi dokin ƙofar gidaje tudu, kuma lambatun da muka yi bai isa ba. A lissafinmu hanya ta yi kyau, amma ruwan da ya saba bin rariya ya wuce sai ya koma yana kwana a gindin bangon mutane, kuma cikin 'yan shekaru na ga zauruka biyu sun zauna. Wannan abu yana cikin dalilan da suka sa na ɗauki aikin da nake yi yanzu. Saboda haka, Alhaji, ba na gaba da siminti a inda ya dace: a gina lambatu da shi, a yi daɓe mai gangara da zai kore ruwa daga bango, a bar jikin bangon da ƙasa da makuba. Buhu biyar ɗin da ka ambata, da a ƙasa aka zuba su maimakon a bango, da sun fi tsare mai gidan.

Ɗan Kwangila: Batun lambatu na karɓa, domin ni ma na ga irinsa. Amma har yanzu ina kan bakana cewa ga talakan da ba shi da mai yi masa yaɓe duk shekara, filastar da za ta kai shi shekara takwas ko goma ta fi masa bangon da ruwa ke lasa tsirara. Sai dai idan za a ware gine-gine ƙalilan masu tarihi, masarauta da 'yan kasuwar gari su ɗauki nauyinsu. A wannan zan sa hannu, har da motar yashi da leburori.

'Yar Gwandu: To wa zai zaɓi waɗanda za a ware? Idan fada da masallaci da hubbare kawai aka lissafa, gidajen masunta da maƙera da marina za su tafi ba a ko rubuta sunansu ba, alhali da kamun kifi Argungu ta shahara.

Injiniya Bakabe: Cikin waɗanda na auna akwai irin gidajen da kike nufi, Malama, kuma zan kawo takardun kowa ya gani. Magajin Gida, idan 'yan uwanka sun amince, mu fara da bangonka na gabas da zarar ruwa ya ɗauke: mu ɓamɓare sauran filastar a hankali, mu bar shi ya sha iskar hunturu, Baba ya duba abin da za a cike. Alhaji, ina roƙon ka zo da kanka ka ga abin da ke bayan simintin kafin mu rufe.

Baba Magini: Zan zo in Allah ya kai mu. Sai dai a nemo mini yara biyu masu ƙarfin tattaka ƙasa, kuma a biya su abin da ake biya a wurin bulo, in ba haka ba ba za su kai kwana uku ba.