Da kuka fara kallon Godzilla na 1954, me ya tsaya muku a rai?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Makon jiya na kalli Godzilla na asali, baƙi da fari, wanda kamfanin Toho na Japan ya fitar a 1954, Ishiro Honda ya ba da umarni. Na saba da na zamani, don haka na gyara zama ina jiran damben dodanni. Sai na tsinci kaina a zaman makoki. Da jirgin ruwa aka buɗe fim ɗin, wani haske ya cinye shi a tsakiyar teku. Har yau abin bai sake ni ba. Wanda ya taɓa gani, yaya ta kasance da shi?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Jirgin nan da ka gani yana da asali. Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bam ɗin haidirojin a tsibiran Bikini, tokarsa ta zubo kan wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23. Mai kula da rediyon jirgin ya rasu a watan Satumba, fim ya fito a Nuwamba, shekara tara kacal bayan an jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. Ni wanda Amurkawa suka sake wa fasali a 1956 na fara gani, wanda suka sa ɗan wasa Raymond Burr a ciki suka datse yawancin maganar bam. Shekaru ina ɗauka labarin ke nan. Ranar da na ga na asali raina ya ɓaci ƙwarai, don na gane rabin zancen aka ɓoye mini.

Maman Biyu: Ni aikin jinya nake yi. Ɓarnar da dodon ya yi wa Tokyo ba ta girgiza ni kamar wayewar garin ba. Asibiti ya cika, majinyata kwance a ƙasa, likita ya kara wa wani yaro na'urar auna gubar nukiliya tana ta ƙara, shi kuma yaron bai san me ake ciki ba. Na taɓa yin aikin dare irin wannan, gado ya ƙare, muka shimfiɗa tabarmi a baranda. A nan na tsayar da fim ɗin na fita tsakar gida na yi kuka. Sai kuma uwar nan da ta rungume 'ya'yanta a gindin bango wuta na matsowa, tana gaya musu sun kusa tarar da babansu. Duk wanda ya kalla a Japan a lokacin ya san yaƙi ne ya ci uban.

Ɗan Fagge: Allah ya saka da alheri, Anti. Wurin uwar nan ni ma sau biyu na maimaita.

Mai Walda: Ni dai ku yi haƙuri, King Kong na 1933 ya fi kama ni. Can ɗan mutum-mutumi Willis O'Brien yake motsawa kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya, aikin haƙuri ne mai ban mamaki. A Godzilla kuwa idona ya kasa manta cewa mutum ne cikin riga.

Tela Mai Keke: Ɗan'uwa, Eiji Tsuburaya, wanda ya jagoranci dabarun hoton dodon, ma irin aikin King Kong ya so yi, lokaci ne bai ba shi dama ba. Amma ka duba rigar da kyau. Ta kai kusan kilo 100, Haruo Nakajima yana ciki ƙarƙashin zafin fitilu, da ƙyar yake ɗaga ƙafa. Nauyin nan shi ya ba tafiyar dodon kwarjini. Ni da dare na kalla, wuta a ɗauke, abin sauraro a kunne. Kukansa ya tayar mini da tsigar jiki, daga baya na ji cewa safar hannu ta fata aka shafa wa ƙaro aka goga a tsirkiyar babban goge irin na Turawa.

Baƙon Damagaram: Tare da mahaifina na kalla a waya, ina fassara masa. Da aka zo inda wani masani a fim ɗin ke cewa gwajin bam ne ya taso da dodon, sai Baba ya ce in dakata. Ya ce yana yaro Faransa ta tayar da nata a Reggane cikin hamadar Aljeriya a 1960, manya suna ta zancen abin da iska za ta kwaso mana. Ya tuna har Nijeriya ta yanke hulɗa da Faransa a kan haka a 1961. Da Serizawa, masanin da ya ƙera makamin da ya kashe dodon, ya ƙone takardun makaminsa ya yanke igiyarsa a ƙarƙashin ruwa don ya mutu da sirrin, Baba ya daɗe bai ce uffan ba.

Maman Biyu: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Na ga Godzilla Minus One na 2023, wanda ya ci kyautar Oscar, shi ma kan talakawan da yaƙi ya bari ya koma. Shi ya sa na nemo tsohon.

Ɗan Fagge: Ranar Asabar zan nuna wa ƙannena. Malam, yaya zan gane na asali? Anti, ƙaramin shekararsa tara, ya zauna ko in bari sai ya ƙara girma?

Malamin Tarihi: Duba tsawonsa. Na asali minti 96 ne, da Japananci suke magana.