Umara da ayari, ragowar tafiya kai kaɗai: abin da masana suka ce

Masu harkar tafiye-tafiye a Gombe sun fi karkata ga ra'ayi ɗaya: a fara da ayari, a ƙare da tafiyar kai. Kwanakin farko ejan ne ke riƙe da masauki, mota da ziyara, kai kuma kana koyon gari, canjin kuɗi da layin waya. Bayan nan sai ka balle, ko zuwa Alƙahira ko Istanbul.

Inda aka fi yin asara shi ne tikiti. In ejan ya yanka maka Kano zuwa Jidda da dawowa, ka ƙi hawa wani zango, kamfanin jirgi yakan soke sauran zangunan gaba ɗaya. Saboda haka tun kafin ka biya, ka ce a yanka maka tikitin da zai shiga ta Jidda ya dawo ta garin da za ka ƙare. A rubuta ranar rabuwarka da ayari a takardar yarjejeniya, domin ejan ne ake tuhuma in mutum ya wuce wa'adin bizarsa.

Bizar ƙasa ta biyu a nemo ta tun daga gida. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6, katin rigakafin shawara kuma yana aljihu.

Sai batun tsaraba. Wasu sun ce a ba 'yan ayari su taho da ita, zamzam da dabino musamman, tunda kilon ƙananan jirage bai kai na manya ba. Ka bar kwana ɗaya babu komai tsakanin rabuwa da tashinka, don motar ayari ba ta cika zuwa kan lokaci ba.